Dakta a Kan Fiyano: Dariyar da Muka Yi da Abin da Ta Tona



A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, muna zaune a ofishin malamai muna haɗa sakamakon jarrabawa, sai wata abokiyar aikinmu ta kawo labari. Ta ce 'yar maƙwabcinsu, wadda ta tashi tana kaɗa fiyano tun tana ƙarama, ta kammala digiri na biyu a ƙasar waje, yanzu kuma tana neman gurbin digirin digirgir a Amurka a kan kiɗan fiyano. Ba ta rufe baki ba ofis ya kaure da dariya. Wani ya ce, "To wannan dakta, in an kawo mata mara lafiya sai ta kaɗa masa ya warke?" Wani kuma ya ce samarin unguwarsu masu aikin situdiyo cikin wata uku suke iya fiyano, ba su taɓa ganin ƙofar jami'a ba. Mu ma mun dara, ba za mu ɓoye ba. Amma da muka koma gida sai dariyar ta tsaya mana a maƙogwaro. Mu ne fa masu cewa yara kullum ilimi gishirin zaman duniya ne. Yaya aka yi muka ji labarin mai neman ƙololuwar wani ilimi, abin da ya fara fitowa daga bakinmu shi ne ba'a?

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi diddigin al'amarin, mu kawo shi gaban 'yan ƙungiya, domin mun gano cewa a cikinsa akwai maganar da ta shafi aikinmu kai tsaye.

Da farko, akwai ruɗani a kan sunan kansa. Abin da Bahaushen yau yake kira fiyano shi ne na'urar lantarki ta situdiyo, irin wadda ake yin waƙoƙin fina-finai da na biki da ita. A cikinta an riga an ajiye sautin ganga da na sarewa, ana danna maɓalli ɗaya kiɗa ya kama tafiya da kansa. Wannan ma sana'a ce, kuma tana ciyar da gidaje. To amma fiyanon asali wani abu ne dabam. Ƙaton akwati ne na katako da ƙarfe, ba ya buƙatar wuta. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Florence wajen shekarar 1700. Na zamaninmu yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, a cikinsa kuma akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200. Duk maɓallin da aka danna, wata 'yar guduma mai kan ulu ce take tashi ta bugi tsirkiya. In an taɓa a hankali ya yi magana a hankali, in an danna da ƙarfi ya yi amo. Daga nan ma ya samo sunansa, domin cikakken sunan a harshen Italiya yana nufin "a hankali da kuma da ƙarfi". Babu sautin da zai fito daga cikinsa sai wanda yatsa ya fitar. Ba ya rufa wa kowa asiri.

Shi kuwa digirin da yarinyar nan take nema, a Amurka ana kiransa DMA a taƙaice. An fara bayar da shi a shekarun 1950, kuma makarantar kiɗa ta Eastman da ke Rochester a jihar New York tana cikin waɗanda suka share masa hanya. Dalilin kafa shi abin lura ne. Jami'o'i suna son malamansu su zama masu digiri na uku, amma digiri na ukun da aka sani na masu bincike da rubutu ne. Sai aka ga cewa gwanin da ya ƙare rayuwarsa yana sarrafa kayan kiɗa shi ma yana da ilimi mai zurfi, sai dai iliminsa a aikace yake bayyana. Don haka aka tsara masa digirin da za a auna shi a kan abin da yake iya yi.

Ga yadda tafiyar take a mafi yawan makarantu. Kafin a karɓi mutum sai ya yi digiri na farko, kusan shekara 4, da na biyu, kusan shekara 2, duk a fannin kiɗa. Sannan ya zo ya zauna gaban kwamitin farfesoshi ya kaɗa musu ayyukan manyan mawallafa na zamunna dabam-dabam: na Bach, wanda ya bar tarin ayyuka 48 da har yau ake horar da yatsu da tunani a kansu, ɗaya daga cikin manyan ayyukan fiyano 32 na Beethoven da ake kira sonata, wani abu na Chopin ko Liszt daga ƙarni na 19, da kuma na mawallafan baya-bayan nan. Galibi duk da ka ake kaɗa su, babu takarda a gaba. In an ɗauke shi, sai ya shiga shekara 3 ko fiye. A cikinsu zai fito bainar jama'a sau uku ko fiye, kowace fita kimanin sa'a guda yana kaɗawa, malamai suna zaune suna auna shi. A ɗaya daga cikin fitowar sai ya haɗa da lacca, ya bayyana abin da mawallafi ya nufa, sa'an nan ya nuna shi da yatsunsa. Zai ɗauki darussan tarihin kiɗa da na ƙa'idojinsa, wasu makarantun kan nemi ya iya karanta Jamusanci ko Faransanci. Zai zauna babbar jarrabawa ta rubutu da ta baka, ya kuma rubuta kundin bincike. Da yawa daga cikin ɗaliban suna koyar da na ƙasa da su domin a sauƙaƙa musu kuɗin makaranta. A bayan wannan duka akwai abin da ba a rubuta shi a takardar shaida: sa'o'i masu yawa kowace rana, mutum shi kaɗai a ɗaki, yana maimaita layi ɗaya har ya zauna.

Ba za mu yi wa hanyar nan kwalliya ba. Tana da tsada, tana da haɗari. Hannu kan gaza. Shahararren makaɗin fiyano na Amurka, Leon Fleisher, yatsun hannunsa na dama sun daina yi masa biyayya a 1964, yana tsakiyar tashe, ya shafe kusan shekara 30 kafin ya koma kaɗawa da hannu biyu. Guraben aiki na dindindin a jami'o'i kuma ba su kai yawan masu kammalawa ba. Duk uban da ɗansa ya zo masa da wannan buri, haƙƙinsa ne ya zauna da shi su yi lissafi da idon basira. Amma ku lura da inda mafi yawansu suke ƙarewa: a aji, ko a ɗaki da ɗalibi ɗaya a gabansu. Shi kansa Fleisher koyarwa ya rungume, ya yaye ɗalibai masu yawa. Ashe wadda muka yi wa dariya, abokiyar aikinmu ce ta gobe.

Darasi na farko da muka ɗauka shi ne na dangantakar takarda da iyawa. Mun san halin da muke ciki. Takardar shaida ta zama abin bauta, har akan sami mai riƙe da ita wanda ba ya iya kare abin da aka rubuta a kanta. A wannan digiri kuwa babu satar amsa. Ba wanda zai shiga ya kaɗa maka, ba wanda zai rubuta maka a tafin hannu. Ranar da ka hau dandamali, abin da ka shuka shi za ka girba a gaban kowa. To, aikinmu na koyarwa ai irin wannan ne. Minti 35 ko 40 da malami yake tsayawa gaban yara, ilimi ne a aikace: yadda zai buɗe darasi, yadda zai ɗaga murya ya sauke, yadda zai gane daga idon yaro cewa bai fahimta ba. Amma yaushe rabon da a auna mu a kan wannan? Yawancinmu tun lokacin koyarwar gwaji a kwalejin ilimi, sa'ad da mai duba mu ya zauna a bayan aji da takardarsa, ba a sake kallon darasinmu daga farko har ƙarshe da niyyar gyara ba. Ƙarin girma yana zuwa ne ta ƙidayar shekaru da takardu da jarrabawar rubutu. Malamar da take iya sa yara 80 su karanta Hausa kafin su bar aji biyu, da wanda yake cika allo da rubutu ya fita, ma'auni ɗaya ake yi musu.

A Japan malaman firamare suna da wata tsohuwar al'ada. Sukan taru su tsara darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya su kalli yadda yara suke karɓa, bayan an tashi su zauna su warware abin da ya yi kyau da abin da ya kasa. Wannan ba ya bukatar kwangila ko kuɗin waje. Abin da yake bukata shi ne malami ya yarda a gan shi yana aiki, kamar yadda makaɗin fiyano ya yarda a ji shi.

Darasi na biyu ya fi shafarmu. Babu wanda yake fara fiyano yana da shekara 25 ya kai wannan matsayi, sai wanda ba a rasa ba. Kusan dukkansu sun fara ne suna 'yan shekara 5 zuwa 8, wato daidai shekarun yaran da ke gabanmu a aji ɗaya zuwa uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane dakta da ya hau dandamali, akwai wani malami na farko, wanda ba a san sunansa ba, da ya fara saita masa kunne ya koya masa bin ƙidayar kiɗa. Tsanin da ƙarshensa yake jami'a, ƙafarsa a ajinmu take kafe.

Sai mu tambayi kanmu tsakani da Allah: me muke yi da darasin Al'adu da Fasahar Ƙirƙira, wanda yake cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, kuma kiɗa da waƙa suna cikinsa? A makarantu da yawa shi ne marainin jadawali. In lissafi bai ƙare ba, lokacinsa ake ci. In za a yi shara ko taron malamai, lokacinsa ake ci. In ma an koyar, sai a rubuta wa yara ma'anar kiɗa a allo su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa, ba tare da sun tafa hannu sau ɗaya ba. Wannan daidai yake da koya wa yaro iyo a kan tabarma.

Za a ce ba mu da kayan aiki. Gaskiya ne, makarantar da ba ta da isassun kujeru ba za ta sayi fiyano ba, kuma ba mu ce ta saya ba. Amma a ƙasar Hangari, Zoltán Kodály, wanda ya rasu a 1967, ya gina tsarin koyar da kiɗa a makarantun yara a kan abu biyu da kowane yaro yake zuwa da su daga gida: muryarsa da waƙoƙin gargajiyar mutanensa. Malamai daga ƙasashe da dama sun je sun koyo tsarin. Mu kuwa me muka rasa? Muna da waƙoƙin gaɗa da na dandali da na tashe, muna da waƙoƙin daka da na reno. Muna da kalangu, wanda yake bin hawa da saukar muryar Hausa har ya faɗi magana a gane. Muna da kukuma da gurmi da sarewa da kuntigi. Yaron da ya iya riƙe amshi, ya iya tafi a kan ƙa'ida, ya iya jiran lokacin shigarsa, ya koyi sauraro da ƙidaya da haƙuri da aiki tare. Duk malamin aji ɗaya ya san cewa baƙaƙe da wasula sun fi saurin zama a kan yaro in an rera su.

Akwai masu cewa fiyano kayan Turawa ne, me ya haɗa mu da shi? Amsar tana wurin 'yan Afirka da suka riga mu tunani a kai. Akin Euba, ɗan Legas da aka haifa a 1935 ya rasu a 2020, ya yi karatun kiɗa a kwalejin Trinity ta Landan, ya kuma yi digirinsa na uku a Jami'ar Ghana a kan gangar dundun ta Yarabawa, 'yar uwar kalangunmu. Shi ne ya yaɗa ra'ayin cewa ana iya sa fiyano ya yi magana da harshen gangunan Afirka, tunda shi ma bugu ake yi sauti ya fito, ya kuma wallafa ayyuka a kan haka. Sai William Chapman Nyaho, wanda ya tashi a Ghana ya yi makarantar Achimota, ya sami irin wannan digiri na DMA a Jami'ar Texas da ke Austin. Da ya kai ƙololuwa sai ya waiwayo ƙasan tsani. Ya tattara ayyukan fiyano na mawallafan Afirka da na 'yan asalin Afirka mazauna wasu nahiyoyi cikin littattafai 5, waɗanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga, an jera su daga masu sauƙi na masu koyo har zuwa masu wuya na gwanaye. Saboda aikinsa, yaro mai koyon fiyano a ko'ina cikin duniya yana iya tashi da sautin Afirka a yatsunsa. Wannan shi ne amfanin zurfin ilimi: ya dawo ya yi wa na ƙasa hidima.

Akwai kuma maganar da ba za mu tsallake ba. A cikinmu da cikin iyayen yara akwai waɗanda, saboda fahimtarsu ta addini, ba sa son 'ya'yansu su kusanci kayan kiɗa. Wannan matsayi ne da ya wajaba a girmama, kuma makaranta ba wurin tilasta wa iyaye ba ce. Murya da tafi da waƙoƙin tarbiyya sun ishi darasi ya rayu. Sai dai mu rarrabe tsakanin wannan da tsohon rainin da al'adarmu take yi wa makaɗi, wanda ake kallo a matsayin maroƙi kawai. Mu ne muke jin daɗin kiɗan a ranar biki, mu ne kuma muke ƙyamar a ce ɗanmu ne mai yin sa. Duk da haka, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ba mu yi dariya ba. Har gobe da alfahari muke cewa Dokta Mamman Shata. Jami'a ta tabbatar da abin da jama'a suka daɗe da sani, cewa abin da ke bakin mutumin nan ilimi ne. In mun yarda da wannan ga wanda aka ba don girmamawa, da wane dalili za mu raina wadda za ta kwashe shekaru tana neman nata da gumi?

Tarihin ƙungiyarmu ma yana da abin cewa. Da aka kafa NUT a 1931, shugabanta na farko shi ne Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, wanda ya daɗe yana shugabantar makarantar sakandare ta Abeokuta Grammar School. Gidansu gidan kiɗa ne: mahaifinsa mawallafin waƙoƙin coci ne da harshen Yarabanci, ɗansa Fela kuma ya tafi kwalejin Trinity ta Landan a 1958 ya karanci kiɗa, duniya ta san shi. Mutumin da ya aza harsashin gwagwarmayar malaman ƙasar nan bai ɗauki kiɗa abin wasa ba.

Darasi na uku shi ne wanda ya fi yi mana ciwo, kuma muna zaton shi ne asalin dariyar. Wani lokaci mutum yakan yi wa abu ba'a ne don ya san an rufe masa ƙofarsa. Yawancinmu da NCE muka shigo aikin nan, muna da burin ƙaro karatu. Shekara ta bi shekara, ga iyali, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga wahalar samun hutun ƙaro ilimi. Wanda ya matsa ya yi digiri, da kuɗin aljihunsa ya yi, a lokacin hutu ko ƙarshen mako. Tallafin ƙaro karatu na asusun TETFund an tsara shi ne domin malaman manyan makarantu. Wanda kuma Allah ya taimaka ya kai digiri na biyu, sai kowa ya fara tambayarsa yaushe zai bar firamare, kamar zurfin ilimi da koyar da ƙananan yara ba sa zama inuwa ɗaya. Haka firamare take zama tashar mota: kowa ya sami abin hawa sai ya wuce. Alhali dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. A inda ake aiki da ita, mu da muke cikin shekaru arba'in da wani abu muna da sauran kusan shekara 20 a gaban allo. Da ilimin da muka baro kwaleji da shi za mu ƙarasa su?

Saboda haka muna kawo shawarwari huɗu gaban reshenmu. Na ɗaya, shugabannin makarantu su kare lokacin darasin Al'adu da Fasahar Ƙirƙira kamar yadda suke kare na lissafi da Turanci, a kuma koyar da shi a aikace. Na biyu, reshe ya nemo mambobinmu da suka karanci kiɗa ko wasan kwaikwayo ko zane a kwaleji, waɗanda da yawansu an ba su wasu darussan dabam, su jagoranci bita ga sauranmu, tare da tattara waƙoƙin yara na yankinmu a rubuce kafin tsofaffin da suka san su su ƙare. Na uku, mu fara al'adar kallon darasin juna, ko da sau ɗaya ne a zango, tsakanin makarantu maƙwabta, da niyyar gyara ba tonon silili ba. Na huɗu, a duk zaman da shugabanninmu za su yi da hukuma, maganar hutun ƙaro ilimi da albashi ta kasance a kan tebur, tare da neman tsarin da malami zai yi digiri na biyu ko na uku ya ci gaba da zama a firamare, a biya shi daidai da iliminsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa muka kawo maganar nan gida.

Ga iyaye kuma, musamman iyalan malamai: in kun ga yaro yana bubbuga tebur da gwangwani a kan ƙa'ida, ko yarinya tana kama waƙa daga ji ɗaya, kada abin da za su fara ji daga gare ku ya zama tsawa. Ba kowane ne zai zama dakta ba, ba ma kowane ne ya kamata ya bi hanyar ba. Amma baiwa amana ce, kuma a hannunmu take fara faɗowa.

Mun koma wurin abokiyar aikinmu mun roƙe ta ta isar da gaisuwarmu ga yarinyar nan, ta gaya mata cewa malaman firamare suna yi mata fatan alheri. Mun kuma ce ta tambayo mana sunan wanda ya fara ɗora yatsunta a kan maɓalli, domin shi ma ya cancanci a gaishe shi.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya albarkaci yaran da muke koyarwa.